Kanar Morland, daga Ƙofar Kabuga zuwa Thiepval



Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin samarinmu, kuma da wuya a taɓo tarihin zuwan Nasara a zaman hira ba a tayar da ita ba. Wai ta yaya soja ɗari bakwai da 'yan kai suka ci birnin Kano a yini guda, birnin da ganuwarsa ta zagaye wajen mil 11, da ƙofofi 13? Daga nan sai ka ji an yanke hukunci nan take. Wani ya ce ai kakanninmu ragwaye ne, baki kawai gare su. Wani ya ce a'a, Bature ne dai Allah ya yi shi daban, ba a ja da shi. Mu dai muna ganin an yi gaggawa a hukuncin nan duka biyu. Hanya mafi sauƙi ta gane haka kuwa ita ce a ɗauki mutumin da ya ja sojan nan, a bi shi tun daga farkon aikinsa har ƙarshe. Don shekara 13 bayan Kano an sake tsayar da shi gaban wani gari aka ce ya ci, wannan karon a Faransa, kuma abin da ya faru a can yana da amsar tambayar samarinmu.

In aka ce Nasara sun ci ƙasar Hausa, sunan da ke zuwa bakin kowa shi ne Gwamna Lugga. Gaskiya ne shi ne mai shawara, shi ya ba da umarni. Amma ranar da aka shiga Kano Lugga ba ya wurin, Sakkwato ma sai bayan kwana huɗu da yaƙi ya iso. Wanda ya tsaya a fage ya ce a harba a Yola da Kano sunansa Thomas Morland, kuma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa jin sunan.

An haife shi a Montreal ta ƙasar Kanada a 1865, ya yi karatu a Ingila, ya shiga makarantar hafsoshi ta Sandhurst, wadda daga baya su Birgediya Maimalari da Janar Gowon da Janar Murtala suka bi ta cikinta. A 1884 ya fito hafsa. Shekara 14 ya yi yana aikin bariki da na ofis, har da zama dogarin gwamnan tsibirin Malta, babu wani abin a zo a gani. Hafsan Ingila na wancan zamani in ba shi da dukiya ko babban gida, hanyarsa ta samun girma ita ce ya nemi inda ake yaƙi a ƙasashen da suke mamaya. A 1898 Morland ya samu tasa ƙofar, aka turo shi bakin Kwara cikin sabuwar rundunar da Lugga ke haɗawa, wadda aka fi sani da Waf.

To a nan ya kamata mu ɗan tsaya, don maganar ta shafe mu kai tsaye, mu da ke zaune a ƙasar Yarabawa. Su wa ne sojan Waf? Turawan da ke cikinta hafsoshi ne kawai da 'yan ƙananansu. Masu ɗaukar bindiga, masu jan igwa, masu tafiya a ƙasa ba takalmi da jar dara a ka, duk baƙar fata ne, mafi yawansu Hausawa da Yarabawa, da Nufawa da sauran ƙabilu. Da Hausa ake ba da umarni a cikinta. Kuma abin bai faro daga Lugga ba. Tun 1863 wani hafsan jirgin ruwa mai suna Glover, wanda ya riƙe Ikko, ya tara masu jin Hausa, galibinsu bayi da suka tsere daga hannun iyayen gijinsu, ya ba su bindiga. Su ne aka riƙa kira Hausawan Glover. Da irinsu aka ci Ijebu a 1892. Da irinsu Kyaftin Bower ya zauna a nan Badun daga 1893, shi ne mai hasumiyar nan ta kan tudu da kowa ya sani, kuma da su ya buɗe wa Oyo wuta a 1895. Saboda haka in wani dattijon Bayarabe ya ce maka sojan Hausa ne suka kawo Bature ƙasarsu, kada ka yi saurin fushi, yana da abin da ya dogara da shi. Sai dai ka tuna masa cewa cikin waɗanda suka hau ganuwar Kano akwai Yarabawa da yawa. Bature ya ɗauki na Arewa ya doki Kudu, ya haɗa na Kudu da na Arewa ya doki Arewa, kowa kuma sule guda ake ba shi a yini.

Me zai sa Bahaushe, wataƙila ma Musulmi mai salla, ya ɗauki bindiga ya nufi Kano? Wannan ita ce tambayar da ba mu son yi wa kanmu. Wanda aka kama a ƙauyensu yana yaro, aka sayar da shi hannu zuwa hannu har ya tsinci kansa a Ilori ko a bakin teku, ba ya ganin sarakunan Arewa da idon da mu ke ganinsu yau daga nesa. Malamai sun san sharuɗɗan da shari'a ta gindaya a kan bauta, sun kuma san yadda aka riƙa take su a ƙarshen ƙarni na 19, har ana kama wanda ke kalmar shahada. Barikin Lakwaja ya ba irin wannan mutum tufa da abinci da albashi, ya kuma hana ubangijinsa taɓa shi. Ba muna wanke shi ba ne. Muna dai cewa rundunar da ta karya daular Usmaniyya, wani sashe nata daular ce ta haife shi da hannunta.

Morland ya fara fitowa fili a 1900, lokacin da aka kai sojan Waf yaƙin Asante a Kumasi. Amma aikin da ya fara ɗaga sunansa shi ne na Yola. A ƙarshen damina ta 1901, lokacin da Binuwai ta cika jirgi na iya wucewa, ya ɗauki soja ɗari uku da wani abu ya haura da su. Lamido Zubairu bai yi wasa ba. Yana da igwa biyu da wani Bafaranshe mai suna Mizon ya bar masa, yana kuma da 'yan bindiga da suka saba yaƙi a rundunar Rabe. Ranar 2 ga Satumba aka gwabza a kewayen fada da masallaci, aka raunata sojan Morland da dama, shi kansa kibiya ta same shi. Duk da haka kafin dare garin ya faɗi, Lamido ya fita, aka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu. A farkon 1902 ya sake fita, ya bi ta Bauchi aka tuɓe Sarki Umaru, ya yi karo da Malam Jibrilla Gaini ya karya shi, aka kama malamin aka kai shi Lakwaja, sannan ya zarce Barno ya kafa tuta, Shehu Garbai ya baro Dikwa ya dawo ɓangaren Ingilishi. Cikin wata bakwai ke nan gabashin ƙasar duk ya shiga hannu.

Saura Kano da Sakkwato. Lugga yana neman dalili, sai dalili ya zo masa har gida. A watan Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Manyan Lugga na Landan ba su so a yi wannan yaƙi a lokacin ba, suna tsoron a sha kunya, amma kafin su gama rubuce-rubucensu shiri ya yi nisa. Ranar 29 ga Janairu 1903 Morland ya tashi daga Zariya da baƙaƙen soja 722, Turawa ba su kai 40 ba, da igwa huɗu, da bindiga mai ruwa huɗu, ga ayarin 'yan dako a baya. Tare da shi akwai Razdan na Zariya, Kyaftin Abadie, wanda mutane ke kira Mai Jimina. A Bebeji aka rufe musu ƙofa, suka fasa ta da igwa, sarkin garin da mutanensa da dama suka kwanta dama. Garuruwan da ke gaba da suka ji labari ba su tsaya ba.

Ranar 3 ga Fabrairu suka iso Kano. Abu na farko da masu cewa kakanninmu ragwaye ne ke mantawa shi ne Sarki ba ya gari. Tun farkon Janairu Alu ya tafi Sakkwato da mahaya wajen dubu biyu, da mafi yawan manyan sarakunan yaƙinsa, don yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Garin an bar shi a hannun bayin sarki, babbansu Sarkin Shanu. Abu na biyu, ganuwar ta yi aikinta. Harsashin igwa ya riƙa nutsewa cikin ƙasar ganuwa kamar an jefa dutse a taɓo. Ƙofar Dukawuya da suka fara nufa an gina ta ne a lanƙwashe, yadda igwa ba ta samun ta sosai, masu tsaro kuma na harbin duk wanda ya matso. Sai da Morland ya janye ya zagaya zuwa Ƙofar Kabuga, a nan aka samu aka huda, 'yan soja kaɗan suka kutsa. Da masu tsaro suka ga an shigo, suka bar ganuwa suka watsu cikin filin da ke tsakaninta da gari, a nan ne kuwa bindiga da mahayan Waf suka same su a sarari. An ƙiyasta mutum 300 suka mutu. Sarkin Shanu ya koma gidan sarki da 'yan mutanensa, ya yi yaƙi har aka kashe shi. Ɓangaren Morland ba a kashe ko mutum ɗaya ba, 14 ne suka ji rauni.

Ku riƙe wannan lissafi, 300 da babu ko ɗaya, don za mu dawo kansa.

Turawa sun rubuta da alfahari cewa cikin kwana uku kasuwar Kurmi ta ci gaba da ci, ban da rumfar bayi. Mu 'yan kasuwa wannan bai ba mu mamaki ba. Mai kaya yana da bashi a kansa, yana da iyali, goro kuma ba ya jiran a gama siyasa. Amma akwai wani abu bayan wannan. Shekara takwas kacal ke nan da ƙare basasar Kano, wadda aka yi tsakanin Tukur da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895, aka zubar da jinin Musulmi da yawa kafin Alu ya zauna. Garin da bai gama warkewa daga wannan ba, ba kowa ne a cikinsa zai ba da ransa don gidan da ya ci nasara ba. Kowane sarki kuma shi kaɗai ya tari Nasara, Bida daban, Kwantagora daban, Yola daban, ana cin wannan na kusa yana kallo, alhali abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Rundunar Kano da ke dawowa daga Sakkwato ta rabu a hanya. Alu ya sulale da dare, daga baya aka kama shi a Gobir. Wambai Abbas ya ja wani sashe ya koma Kano ya miƙa wuya, shi aka naɗa. Waziri Ahmadu kuwa ya zaɓi yaƙi. A kusa da Kwatarkwashi ya faɗa wa wani ɗan ayarin mahaya da bai kai mutum hamsin ba, ƙarƙashin Laftanar Wright. Suka yi sahu murabba'i, kowane gefe bindiga na kallon waje, dawakin Kano suka yi ta kawo hari ana zubar da su, har Waziri ya faɗi 'yan taku kaɗan daga sahun. Wanda ya ce wannan ragwanci ne bai san abin da yake faɗa ba.

Morland ya aika wa Sarkin Musulmi takarda cewa suna tafe kuma sun zo ke nan, Attahiru ya amsa cewa zai tara mashawartansa. Ranar 15 ga Maris, kwanaki kaɗan bayan Babbar Salla, aka haɗu a filin Giginya a bayan ganuwar Sakkwato. A ranar babban kwamanda Birgediya Kemball ne, Morland na ƙarƙashinsa da sojan da ya taho da su daga Kano. Ba a yi awa biyu ba. Mahaya ba su ma samu isa kusa ba, wuta ta tarwatsa su tun daga nesa, sai wasu 'yan tsiraru da suka tsaya a gindin tuta suka ƙi motsi har aka gama da su. Ɓangaren Nasara ɗan dako ɗaya aka kashe. Attahiru ya yi hijira gabas, jama'a suka bi shi, aka cim masa a Burmi ranar 27 ga Yuli, ya yi shahada tare da mutum fiye da 600. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da ragowar har Sudan, inda zuriyarsu take har yau. Waziri Buhari shi kuma ya dawo ya zauna da Nasara, ya rubuta risala yana bayyana wa malamai hujjarsa ta tsare addinin waɗanda ba su iya tafiya ba. Mun ji masu zagin wannan, mun ji masu zagin wancan. A ganinmu kowannensu ya yi ijtihadi a ranar da ba mu muka tsaya a cikinta ba, Allah ya jiƙansu duka.

To me ya ba mutum ɗari bakwai wannan rinjaye? Bindiga mai ruwa, wadda Turawa ke kira Maxim, tana fitar da harsashi wajen 500 a minti ɗaya, ruwan da ke jikinta kuwa don sanyaya bakinta ne kada ya narke. Bindigar hannun kowane sojan Waf tana kashewa daga nisan da kibiya ba ta ko mafarkin kaiwa. Su kuma namu takobi ne da mashi da baka, sai bindigogin toka, da 'yan na zamani kaɗan waɗanda harsashinsu ke wuyar samu. Wuyar samun nan ma shiri ne. Tun 1890 ƙasashen Turai suka zauna a Brussels suka yi yarjejeniyar hana sayar wa baƙar fata bindigar zamani a mafi yawan Afirka. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ake nufi in masu kaya suka haɗa baki suka hana ka sari. Ga kuma horo: sojan da aka koya wa ya tsaya a sahu, kada ya harba sai an ce, albashinsa na zuwa, abincinsa na biye da shi a kan 'yan dako.

Wannan nasara ta ɗaga Morland. Aka ba shi lambobin girma, daga 1905 zuwa 1909 ya zama babban mai duba rundunar Waf gaba ɗaya, daga Gambiya har Najeriya. Ya koma Ingila aka ba shi birged, kafin 1914 ya zama Manjo Janar. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, a watan Oktoba 1914 aka damƙa masa babban reshen soja na 5 a fagen Faransa da Beljiyam. Mutumin da bai taɓa jan soja dubu biyu a fagen yaƙi ba, ga shi da mutum dubu goma sha wani abu. A watan Afrilu 1915 sojansa suka ƙwace wani ɗan tudu kusa da garin Ypres da ake kira Tudu na 60, wanda ba komai ba ne illa ƙasar da aka tara wajen haƙar hanyar jirgi. Bayan mako biyu da 'yan kwanaki Jamusawa suka sako musu iskar guba suka karɓe abinsu. Duk da haka a watan Yuli aka ƙara masa girma, aka ba shi Runduna ta 10, mai rassa uku a ƙarƙashinta.

Sai 1916. Shekarar nan mun san ta, don a cikinta aka yanka wa Hausawan Badun wannan unguwa tamu ta Sabo, bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 shanu da goro sun fara hawa da sauka a kan dogo. Iyayenmu suna nan suna kafa bukkoki, shi kuwa wanda ya buɗe Kano yana arewacin Faransa kusa da kogin Somme, an nuna masa wani ƙauye a kan tudu mai suna Thiepval an ce ya ci.

Thiepval ba ta da ganuwa mai tsawo irin ta Kano, tata ganuwar a ƙarƙashin ƙasa take. Jamusawa sun yi kusan shekara biyu suna haƙa, sun yi ɗakuna cikin ƙasa mai alli, wasu zurfinsu ya kai ƙafa talatin, sun shimfiɗa waya mai ƙaya a gaba, sun kafa bindigogi a gindin rusassun gidaje. Bindigar kuwa ita ce dai mai ruwa. Jamusawa sun sayi fasahar Maxim sun ƙera tasu. Ingilishi suka yi kwana bakwai suna ruwan igwa a duk faɗin fagen, harsashi fiye da miliyan ɗaya da rabi, manyansu suka tabbatar wa soja cewa babu abin da zai rage da rai. Amma kamar yadda ƙasar ganuwar Kano ta haɗiye harsashin Morland, haka allin Thiepval ya haɗiye wannan. Ranar 1 ga Yuli da ƙarfe bakwai da rabi na safe aka ɗage wuta, soja suka fito daga ramuka suka nufi tudu. Jamusawa suka hauro daga ƙasa da bindigoginsu, suka kafa, suka fara shara.

Morland ya sa an yi masa dandamali a kan wata doguwar bishiya a bayan fage, kusa da ƙauyen Englebelmer, da tabarau mai hangen nesa da wayar tarho. Daga can yake ba da umarni. Reshe na 32 da ya tura gaba da gaba kan ƙauyen, bindiga ta tsayar da shi, wasu bataliyoyin ba su ko kai ga wayar ba. Amma a hagu wani abu ya faru da ba a zata ba. Reshe na 36, mutanen arewacin Ayalan, sun matso kusa tun kafin a ɗage wuta, suka ruga da gudu, suka riga Jamusawa isa bakin ramuka, suka ƙwace wata babbar tunga da ake kira Schwaben wadda ke bayan Thiepval ta sama. Ƙofa ta buɗu ke nan, irin ta Kabuga. Morland na da reshe guda cur a ajiye, na 49. Kwamandan reshen, Janar Perceval, ya roƙe shi a tura su duka ta wannan ƙofar a zagayo ƙauyen ta baya. Morland ya ƙi. Ya tsaya kan tsarin da aka rubuta tun farko, ya sake tura mutane gaba da gaba kan Thiepval, inda aka riga aka ga abin da ke faruwa, suka sake zubewa. 'Yan Ayalan suka yini a tungar ba ruwa, harsashi na ƙarewa, wuta ta gefe uku, ɗan taimakon da aka aika musu bai iso a kan lokaci ba. Kafin tsakar dare an kore su sun dawo kusan inda suka fito.

A yinin nan ɗaya reshen Ayalan ya rasa mutum fiye da 5,000, tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda aka kama, reshe na 32 kuma kusan 4,000. Sojan Ingila gaba ɗaya sun rasa 57,470 a ranar, 19,240 daga ciki matattu. Thiepval da aka ce za a ci kafin azahar, sai ƙarshen Satumba aka shige ta. Yau akwai wani ƙaton gini a wurin da aka rubuta sunayen mutum fiye da 72,000 waɗanda ba a ga gawarsu ba a yaƙin Somme.

Yanzu a ajiye wannan kusa da 300 da babu ko ɗaya. Samarin da suka fito daga ramuka a safiyar nan 'ya'yan Ingila ne da Ayalan, masu karatu, masu horo, masu takalmi da hular ƙarfe, bayansu ga manyan masana'antu. Da suka tari bindiga mai ruwa a fili, abin da ya sami mahayan Waziri Ahmadu shi ya same su, har ya fi. Babu wanda ya taɓa cewa ragwaye ne, ƙasarsu har gobe tana taruwa tana tuna su, kuma sun cancanta. To don me za a ce wa na Giginya da na Burmi ragwaye? Shi kuma Morland, wanda a Kano ya ga ƙofa ta ƙi ya bar ta ya zagaya wata, a Thiepval an nuna masa buɗaɗɗiyar ƙofa ya ci gaba da dukan rufaffiya. Masana tarihin yaƙin na Ingila da kansu sun kama shi da wannan laifi. Mu abin da muka gani shi ne, dabarar da ake yaba masa a ƙasarmu dabara ce ta wanda ke da lokaci, don abokin gabansa ba ya iya taɓa shi daga nesa. Ranar da aka iya taɓa shi, ya zama kamar kowa.

Adalci dai a faɗi sauran. Ba shi ya tsara yaƙin Somme ba, akwai Haig da Rawlinson a samansa, kuma ba shi kaɗai ne kwamandan da ya yi asara a ranar ba. Ba a kuma sallame shi ba. A watan Yuni 1917 rundunarsa na cikin waɗanda suka ci tudun Messines, inda aka yi fiye da shekara ana haƙa ƙarƙashin Jamusawa aka tayar da nakiyoyi 19 kusan lokaci guda, har da ƙarƙashin Tudu na 60 ɗin nan da ya kuɓuce masa. Wato sun koyi cewa ba a tarar bindiga mai ruwa da ƙirji, amma sai da suka biya kuɗin karatun da rayukan dubban ɗaruruwa, abin da Sakkwato ba ta samu zarafin yi ba, don ita yini ɗaya aka ba ta. A 1918 ya ja Runduna ta 13 a hare-haren ƙarshe da suka kai ga tsagaita wuta.

Sojan da ya bari a nan su ma yaƙin bai tsallake su ba. Rundunar Najeriya ta yi yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a Garwa da Mora da sauransu, sannan aka ɗebe su a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas, inda a Mahiwa a watan Oktoba 1917 su ma suka ɗanɗani bindigar Jamus, aka yi musu ɓarna mai yawa. Waɗanda suka dawo aka sallame su, da yawa ba su koma garuruwan da aka haife su ba, wasu ma ba su da garin komawa. Suka zauna a inda jirgi ya sauke su, suka yi gadi, suka yi ɗan sanda, suka shiga sayar da goro, suka yi aure a unguwanni irin tamu.

Morland kuwa bayan yaƙi aka ba shi shugabancin sojan Ingila da ke zaune a ƙasar Jamus, hedkwatarsa a birnin Cologne, daga 1920 zuwa 1922. Daga nan ya riƙe babban barikin Aldershot a Ingila, ya kai cikakken Janar, ya bar aiki a 1923. Ya mutu a Montreux ta ƙasar Suwizalan ranar 21 ga Mayu 1925, yana da shekara 59. A lokacin Sarki Alu yana nan da ransa a Lakwaja inda aka tsare shi, sai a 1926 ya rasu.